Cibiyoyin Jami'ar Georgetown: hidima ce ko wa'azi a fakaice?

Malam Habu: Jama'a, ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatu a Jami'ar Georgetown da ke birnin Washington, ta limaman Katolika 'yan ɗarikar Jesuit. Kullum bakinsa na kan wata cibiyarsu ta fahimtar juna tsakanin Musulmi da Kirista. Ni kuwa na ce masa duk waɗannan cibiyoyi da ayyukan taimakon jama'a wa'azi ne a fakaice. Ai da makaranta da asibiti 'yan mishan suka shigo mana.

Hajiya Binta: Haba Malam, kada a yi musu kuɗin goro. A 1993 aka kafa cibiyar nan ƙarƙashin Farfesa John Esposito, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin Musulunci, kuma masana tarihi da siyasa da addini ne suke aiki tare a cikinta. A 1999 jami'ar ta ɗauki Imam Yahya Hendi aikin limanci na dindindin. Wanda ke son raba ka da sallarka, shi ne zai biya liman albashi ya ja maka ita?

Bulus: Ni ɗan Katolika ne, Malam Habu, kuma ba zan musa cewa bangaskiya ce ke tura su ba. A wurin 'yan Jesuit, karatun da bai amfani maƙwabci ba bai cika ba. Amma ka duba abin da ake yi a zahiri. Ɗalibi ya tashi daga aji da yamma, ya hau mota zuwa wata unguwa, ya zauna da ɗan baƙin da suka yi ƙaura yana koya masa Turanci. Malamansu kuma suna shiga gidan yari su koyar da fursunoni darussan jami'a. Ba a tambayar kowa addininsa kafin a buɗe masa littafi.

Dakta Sa'adatu: Ni damuwata ba wa'azi ba ce, kuɗi ne. A 2005 Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya ba cibiyar dala miliyan 20, aka laƙaba mata sunansa. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Mai binciken da ke zaune a ƙarƙashin wannan suna, zai iya faɗin gaskiya game da Saudiyya ba tare da ya waiga ba? Har wani ɗan majalisar Amurka, Frank Wolf, ya rubuta wa shugaban jami'ar wasiƙa a 2008 yana neman bayani a kan haka.

Hajiya Binta: To kin gani, Dakta. Wasu na zargin ta da tallata Musulunci, Malam Habu na zargin ta da farautar Musulmi. Ba za ta zama duka biyun ba.

Dakta Sa'adatu: Amma tambayata tana nan, Hajiya. Kuma a tuna, a 1838 'yan Jesuit sun sayar da bayi 272, aka biya bashin wannan jami'a da wani ɓangare na kuɗin. Sai a 2016 ta fara ba jikokin bayin fifiko wajen ɗaukar ɗalibai. Mai irin wannan tarihi, dole a sa masa ido in ya ce hidima yake yi.

Bulus: Wannan kam ba ni da bakin kare shi. Abin kunya ne, kuma yana mini ciwo.

Malam Habu: Maganar limamin ta shige ni, Hajiya, ban san da ita ba. Duk da haka zuciyata ba ta gama kwanciya ba, yaro ne ɗan shekara 19 da bai taɓa kwana nesa da gida ba. Gobe zan sa shi ya rubuta wa ofishin limamin, mu ji inda suke sallar Juma'a da yadda ake yi da abinci a watan azumi.