Malamin lissafi ya sace wa ƙanwata maki 8

Yayar Auta: Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake tun jiya. Ƙanwata tana babbar sakandare, ta dawo gida da takardar gwajin lissafi idanunta sun yi jajir. Tambaya ta huɗu mai maki 10 ce: 2x² − 7x + 3 = 0, a nemo x. Ta raba shi gida biyu, (2x − 1)(x − 3), ta fitar da x = 3 ko x = ½. Ni da kaina na mayar da lambobin cikin tambayar, duka biyun sun ba da sifili. Malamin ya sa jan biro ya ratsa aikin daga sama har ƙasa, ya ba ta 2, ya rubuta a gefe wai ba hanyar da ya koyar ba ce. Ƙawarta ta bi fomula, wato ƙa'idar da ake haddacewa don warware irin wannan tambaya, ta manta ta raba da 4 a amsa ta biyu, ta rubuta 3 da 2, ya ba ta 7. Takardar tambayoyin tana hannuna, babu inda aka ce sai da fomula. Mutumin nan ya sace wa yarinya maki 8 da rana tsaka, ya bar ta da 26 cikin 40 maimakon 34. Don Allah me zan yi?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, ki fara janye kalmar "sace" tukuna. Ɓarawo shi ne wanda ya ɗauki abin wani ya zuba a aljihunsa. Makin nan a wane aljihu malamin ya zuba? Shekara 19 ina riƙe da alli, ban taɓa komawa gida da makin ɗan kowa ba.

Hajiya Uwar Biyar: Malam, ba sai mutum ya ci abu yake zama ɓarawo ba. Idan ka ɗauke min abin da na yi gumi a kansa ka watsar a rijiya, ni dai na rasa. Yarinya ta hana idonta barci ta yi karatu, an raba ta da abinta. Sata ce.

Malam Mai Alli: Hajiya, wannan ɓarna ce kika kwatanta. Kuma ko ɓarna sai an tabbatar da ganganci. Mun ji ta bakin malamin?

Baban Yara: Ni a ganina tauye haƙƙi ya fi dacewa. Sata ta yi nauyi, kuskure kuma ya yi sauƙi.

Hajiya Uwar Biyar: To tauye haƙƙi da sata uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ku dai kuna neman kalmar da ba za ta yi wa malamai zafi ba.

Injiniya: Ku ɗan tsaya. Yadda ake gyaran takardar lissafi, ana raba makin tambaya ne, wasu na hanyar da aka bi, wasu na amsa. Ƙawar ta fitar da 49 − 24 = 25, ta san tushensa 5, ta sami 3 daidai, a mataki na ƙarshe ta yi tuntuɓe. Don haka 7 ɗinta halas ne, kada a taɓa mata. Abin dubawa shi ne maki 2 ɗin da aka ba ƙanwar Yayar Auta. Idan takarda ba ta fayyace hanya ba, duk hanyar da take ingantacciya tana cin cikakken maki.

Malama Gwaggo: Injiniya, ina ka san bai faɗa musu da baki a aji ba? Sau nawa muke tsayawa gaban allo mu ce "wannan ku yi da fomula", rabin aji suna hira? Yaro ba zai taɓa kawo wa gida wannan ɓangaren labarin ba. Ni dai abin da ya ƙona min rai shi ne a kira abokin aikina ɓarawo a gaban mutane sama da ɗari.

Yayar Auta: Gwaggo, ban ambaci sunansa ba, ban ambaci makaranta ba. Na tambayi ƙanwata har sau uku, ta rantse bai faɗa ba.

Malama Gwaggo: Kin ce "sace". Duk wani malami da ke zauren nan ya ji ta a jikinsa.

Baban Yara: Hajiya Uwar Biyar fa ba yau ta fara ba. Tun bara da ɗanta ya maimaita aji, ba a taɓa ambaton malami a nan ta yi shiru ba.

Hajiya Uwar Biyar: Alhaji, ka bar ɗana a inda yake. Rashin lafiya ce ta kwantar da shi zango guda, kowa ya sani. Ni ban taɓa kawo zancen 'ya'yanka nan ba. Kuma ba matarka malama ba ce? Ai dole ka ce sata ta yi nauyi.

Baban Yara: Malama ce, kuma ina alfahari da haka. Ina ganinta da tarin takardu sama da 200 har ƙarfe ɗaya na dare, wuyanta ya ƙage, ido na ruwa. Wanda bai taɓa gyara takarda ta ɗari da hamsin a dare ɗaya ba, bai san yadda hannu ke zamewa ba.

Hajiya Uwar Biyar: Hannu ne ya zame har ya rubuta "ba hanyar da na koyar ba ce"? Wannan hannu ya iya zamewa da jimla guda!

Ɗalibin Ilimi: Iyayena, a yi haƙuri in sa baki. A 1913 wasu masu bincike biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, sun ɗauki takardar ɗalibi guda ta lissafin siffofi suka aika wa malaman lissafi fiye da 100 su gyara. Takarda ɗaya ce tak, amma wani ya ba ta ƙasa da 30 cikin 100, wani ya ba ta sama da 90. Abin da ya raba su shi ne nawa za a ba hanya, nawa za a ba amsa, har da tsaftar rubutu. Lissafin da muke cewa ba ya karɓar ra'ayi, gyaransa yana karɓa.

Malam Mai Alli: Madalla da yaron kirki. Kun gani? Malamai fiye da 100 sun saɓa, duk ɓarayi ne ke nan?

Hajiya Uwar Biyar: A'a, abin da ya nuna shi ne ku malamai kuna raba maki yadda ranku ya so, tun fiye da shekara ɗari.

Ɗalibin Ilimi: Ba haka nake nufi ba, Hajiya. Nufina a sa wani ya sake dubawa.

Ustaz: Ni abin da ya dame ni shi ne tsarkake fomula da ake yi. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka sami kalmar aljabra, ya rubuta shi a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma babu x babu alama ko ɗaya a ciki, da kalmomi da zane ya warware irin waɗannan tambayoyin. Da malamin nan ne zai gyara masa, da shi ma 2 zai samu. Larabawan nan sun bar mana gado, mu muka ƙuntata shi.

Injiniya: Ustaz, Alkhawarizmi ba Balarabe ba ne. Sunansa ma ya nuna, nisba ce ga Khwarizm, yankin da yake wajen Uzbekistan ta yau.

Ustaz: Da wane harshe ya rubuta? A wane gari ya zauna?

Injiniya: Da Larabci, a Bagadaza. Ni ma da Turanci na rubuta kundin digirina, ban zama Bature ba.

Ustaz: Kai kullum sai ka nemi inda za ka nuna ka fi kowa karatu.

Malama Gwaggo: Ku bar wanda ya rasu shekara dubu da suka wuce, mu da muke raye ake zagi. Har yanzu ba a janye kalmar nan ba.

Yayar Auta: Jama'a, saƙo ya haura sittin, mutum ɗaya bai gaya min abin da zan yi ba. Yarinyar nan ita ce take zaunar da ƙannenta tana koya musu lissafi. Yau da safe ta tura littafin ƙarƙashin gado ta ce ba za ta ƙara wahalar da kanta ba, tunda daidai da kuskure duk ɗaya ne. Wannan ne ya hana ni barci, ba 8 ɗin ba.

Injiniya: Yi haƙuri, ƙanwata. Ki ɗauki hoton takardar amsa da ta tambayoyi kafin su bar hannunki. Ki sami malamin shi kaɗai, ba a gaban ɗalibai ba, ki roƙe shi ya nuna miki yadda ya raba makin tambaya ta huɗu, mataki mataki. Kada ki kawo sunan ƙawar, za ki ja mata ne kawai. Idan ya ce ya faɗa da baki, ki tambaye shi ko zai yarda wani malamin lissafi ya sake gyara tambayar ba tare da ganin suna ko makin farko ba. In ya ƙi, sai shugaban sashen lissafi, a rubuce, da hotunan. Kada ki tsallake su ki faɗa ofishin shugaban makaranta, za a dawo da ke ƙasa ne, malamin kuma ya riƙe abin a zuciya.

Hajiya Uwar Biyar: Ta je ta roƙi wanda ya cuce ta? Daga nan har ƙarshen shekara yarinyar za ta gane kurenta a hannunsa.

Malam Mai Alli: Yanzu kuma "cuta". Daga sata an koma cuta. Shugaba, kana ina?

Shugaban Zaure: Na karanta komai, zan rufe wannan magana. Abin da na fahimta shi ne mafi yawan 'yan zaure sun yarda kalmar "sata" ba ta dace da malami ba, kuma binciken da ɗanmu ya kawo ya tabbatar da cewa saɓani a wajen ba da maki abu ne da aka saba da shi. Ba mu ji ta bakin malamin ba, kuma ni da na yi shekaru a aji na san mai yiwuwa ne ƙwarai ya ba da umarni da baki. Muna kira ga iyaye su riƙa tauna magana, su kuma ja kunnen yara su bi hanyar da aka koya musu. Muna ba malamanmu haƙuri bisa abin da aka faɗa. Hajiya da Alhaji ku same ni ta gefe.

Yayar Auta: Ranka ya daɗe, mutum uku ne suka ce kalmar ba ta dace ba, biyu malamai ne, na ukun mijin malama. Kuma ba ka ce komai ba a kan ko amsar yarinyar daidai ce. Na ɗauki hotunan. Gobe ƙarfe takwas ina ƙofar ɗakin malamai, tare da ita.