Zaɓen tanar roba don fatsa a tafkin Lagdo na ƙasar Kamaru

Sani, Garwa: Assalamu alaikum. Ɗan'uwana ya aiko mini da tanar roba da ƙugiya mai kan dalma, irin wadda masunta a Amurka suke kama kifin bass da ita. Wace iri ce ta dace da ruwanmu?

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Ka zaɓi siririya mai miƙaƙƙiyar jela, domin idan dalmar ta zauna a ƙasa, jelar takan miƙe tsaye tana rawa da zarar ka girgiza sandar a hankali.

Alhaji Bello: Malam Isa ya faɗi gaskiya. Sai dai da damina ruwan kogin Binuwai, wanda yake cika tafkin Lagdo, yakan gurɓace, don haka baƙa ta fi, saboda kifi yana hango inuwarta. Ni da idona na ga giwan ruwa ya tsinke siririn zare, saboda haka ka ɗaura mai kauri.