Tarbiyya ko reno? Neman sunan Hausa ga "soshiyalaizeshan"

Jiya da daddare ƙanwata mai karatun malanta ta kawo mini jimla ɗaya in juya mata zuwa Hausa. Maganar Emil Durkaim ce, masanin zamantakewa ɗan Faransa da ya rasu a 1917. A littafinsa kan ilimi da aka buga a 1922, ya ce ilmantarwa ita ce "soshiyalaizeshan" ɗin da ake yi wa masu tasowa bisa tsari. Nan take na ce mata ta rubuta "tarbiyya". Sai da na kwanta na gane na yi gaggawa.

Matsalar ita ce, tarbiyya kalmar yabo ce. In ka ce yaro yana da tarbiyya ka yabi iyayensa, in ka ce ba shi da ita ka zagi gidansu. Kuma tana da mai yi da niyya: uwa, uba, malamin allo, wanda ya san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da masana zamantakewa ke nufi da "soshiyalaizeshan" kuwa, wato yadda mutum ke ɗaukar halaye da al'adun waɗanda ya taso a cikinsu, babu ɗan Adam ɗin da ya rasa shi. Yaron da ya tashi a tasha ya samu nasa. Wanda ya faɗa hannun 'yan daba shi ma ya koyi yadda ake gaisuwa a cikinsu, da wanda ake jin tsoro, da abin da ke jawo raini. Wa zai kira wannan tarbiyya?

Ku dubi gidajenmu. Ba a taɓa zaunar da yarinya an ce yau darasinmu kunyar ɗan fari ba. Ta ga uwarta ba ta kiran sunan yayanta, ta ga yadda ake rusunawa a gaida suruki, ta ga da wane hannu ake miƙa wa babba abu. Ta girma, sai ga ta tana yi. Babu allo, babu jarrabawa, ba ranar sauka. Zama da maɗaukin kanwa ne kawai ya kawo farin kai. Ibn Khaldun ma, masanin tarihin nan Balarabe, tun a ƙarni na 14, cewa ya yi mutum ɗan al'adunsa ne da abin da ya saba da shi.

Ilimi daban yake. Akwai mai bayarwa da mai ɗauka, akwai abin da aka nufa a sani, kuma ana iya gwadawa a ga ko ya zauna. Abin da ya fi burge ni game da shi, yana iya juyowa ya tuhumi abin da mutum ya taso ya tarar. Yarinyar da ta karanta kiwon lafiya za ta iya ce wa kakarta wankan jego da tafasasshen ruwa yana cutarwa. Zaman gida shi kaɗai ba zai ba ta wannan bakin ba.

Na gwada "sabo", sai na ga ya yi kaɗan, don ana sabo da sanyi ma. "Cuɗanya" hanya ce, ba ita ce abin da ke shiga jikin mutum ba. "Sajewa" ta kama ƙarshen aikin ta bar farkonsa.

Wadda na tsaya a kai ita ce "renon al'umma". Reno ba ya yabo, ba ya zagi, sai an faɗi na wane ne. Muna cewa renon kaka, renon Kano, renon bariki, kowa ya gane irin mutumin da ake nufi. Larabawa ma ba su yi amfani da tarbiyya a nan ba, "tanshi'a ijtima'iyya" suka ce, daga kalmar tasowa.

Na san za a ce reno na jarirai ne. To ai a rediyo kullum muna jin ƙasashe renon Ingila da renon Faransa, ba goya su aka yi ba. Amarya a gidan miji sabon reno take shiga, haka kurtun da ya je Defo a Zariya. Masanan sun raba abin gida biyu, na farko da na biyu, mu sai mu ce renon gida da renon waje.

Da safe na sa ta goge ta rubuta: ilmantarwa reno ne da al'umma ke yi wa masu tasowa da niyya, bisa tsari.

Malamanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka karanta Durkaim da harshensa, me kuke ce wa ɗalibai a aji?