Tsananta hukuncin laifin zaɓe: ina za a ajiye waɗanda aka ɗaure?

Malamin makaranta, Mabera:
Assalamu alaikum. Tun bayan zaɓen 2023, wanda aka kasa kammala na sanatocin Sakkwato uku sai da aka sake fita ranar 15 ga Afrilu, nake jin ana kiran a tsananta hukunci kan masu sayen ƙuri'a da masu fasa akwati. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin wata 12, ga mai sayen ƙuri'a, da ɗaurin wata 24 ga wanda ya ƙwace kayan zaɓe. Ina goyon bayan ƙarin, amma idan aka ninka waɗannan shekarun, gidajen gyaran halinmu za su iya ɗauka?

Tsohon gandiroba, Rijiyar Ɗorawa:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ba waɗanda aka yanke wa hukunci ne ke cika gidan yari ba, masu jiran shari'a ne, kuma su ne kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin Najeriya. Idan laifi ya yi nauyi, sharaɗin beli ma yakan yi nauyi, sai yaron da aka kama a rumfar zaɓe ya kwashe watanni ba a kai shi gaban alƙali ba, wani lokaci don babu mai a motar kai fursunoni kotu. Na yi gadin ɗakin da mutane ke kwana gefe ɗaya, kai da ƙafa, ba mai iya juyawa sai na kusa da shi ya juya, ga zafin bazarar Sakkwato, ga ƙazwa na bin jiki. Kuɗin abincin fursuna a rana naira 750 ne kafin a mayar da shi 1,125 a 2024, ku auna wannan da farashin mudun gero.

Lauya, Arkilla:
Baba ya taɓo inda ke ciwo. Dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ta ba kwanturolan hukumar na jiha ikon ƙin karɓar sabbin fursunoni idan gida ya cika, ta kuma buɗe ƙofar hukunci ba tare da tsarewa ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima. A ganina wannan ya dace da yaron da aka ba dubu biyar ya tayar da hankali. Babbar tara kuwa talaka take kamawa: a 2023 sai da aka tara naira miliyan 585 don sakin fursunoni 4,068, akasarinsu waɗanda suka kasa biyan tara. Wanda ya ɗauki nauyin bangar siyasar, shi ya kamata a ɗaure, a kuma haramta masa takara, kuma irinsu ba su da yawan da zai cika ko ɗaki guda.

Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama:
Barista, ban yarda a sassauta wa wanda ya zo rumfa da adda ba, domin mu ne muke ɗinke raunukan. Sai dai tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma suna da ikon gina gidajen gyaran hali, don haka duk ɗan majalisar da ya nemi ƙarin shekaru, ya nuna mana kuɗin gado da magani da abinci a cikin kasafi.