Idan na daina ƙirga kalori ƙibar za ta dawo ne?

Ummi: Salam 'yan uwa don Allah ku ba ni shawara. Na rage ƙiba Alhamdulillah har kayana na da sun shige ni, amma tsoro ya hana ni sakat, komai sai na ɗora a sikeli, ranar bikin ƙanwar maigidana ko waina ban iya ci ba don ban san kalori nawa ne a ciki ba, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Wata ta ce min duk wadda ta daina ƙirgawa sai ƙibar ta dawo har ta fi ta da, wai haka ne?

Maman Hanif: Gaskiya ta faɗa miki wlh, kar ki daina. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan kalori 120 ne, kuma wace ce a cikinmu take tsayawa a cokali ɗaya in tana soya miya? Lemon kwalba ɗaya kusan 150. In ba ki rubuta ba ba za ki san sun taru ba.

Hajiya Babba: Haba Maman Hanif, yarinya ta je biki ta kasa cin waina kina ce mata ta ci gaba? Wannan ai ya zama ciwo.

Anti Nas: Ummi tsoronki yana da tushe. In mutum ya rame jiki yana rage abin da yake ƙonawa, yunwa kuma ta ƙaru. A Amurka an bi mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba ta talabijin, The Biggest Loser, sakamakon ya fito a 2016, bayan shekara shida 13 daga cikinsu nauyi ya dawo musu, jikinsu kuma yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da yadda ya kamata a rana.

Maman Hanif: Yauwa, kin ga kin zo kan maganata.

Anti Nas: A'a ban zo ba. Waɗancan sun rame ne da gaggawa, ga horar yunwa ga motsa jiki kamar ba gobe. Sannan ki faɗa min, tuwon masara da miyar kuka da kuke ci a tire ɗaya da yara ta yaya za ki ƙirga shi daidai? Kintace ne kawai. Ƙirgawa na ɗan lokaci ne don ido ya koyi malmala ɗaya ta isa, daga nan sai tafiyar ƙafa kullum, a rage mai da suga, a hau sikeli sau ɗaya a sati.

Ummi: To Anti in na ci shinkafa da dare da safe sai in ga kilo ɗaya ya ƙaru.

Anti Nas: Yawanci ruwa ne ƙanwata, jiki yana ajiye sitaci tare da ruwa, gishiri ma yana riƙe shi. Kilo ɗaya na kitse sai kin ci rarar kalori sama da 7,000. Amma in tsoron nan ya kai kina tsallake abinci ko kina gudun shiga mutane, don Allah ki ga likita.

Maman Hanif: Wannan na yarda, ta ga likita. Amma ni dai man girki ba zan daina aunawa ba.