Katun ɗin Ranma: rikiɗa ce ko sauya jinsi?

Baban Walid: Jama'a, a riƙa duba wayoyin yara. Akwai wani katun na Japan, Ranma ½, da masu tura fim ke saka wa yara a nan Mabera. Yaro namiji, da an watsa mashi ruwan sanyi sai ya koma mace, ruwan zafi ya maishe shi namiji. Koyar da sauya jinsi ne a fakaice, ba wani abu ba.

Malama Hauwa: Baban Walid, ka kalla ko leƙawa ka yi? Tsautsayi ne ya same shi. Wurin atisayen faɗa ya faɗa ɗaya daga tafkunan tsafi na Jusenkyo a Sin, ubansa Genma ya faɗa wani ya zama dabbar panda. Kullum maganin abin yake nema. Mai cewa shi mace ne a ransa daban, mai kukan a maishe shi namiji daban.

Nura: Da a Sakkwato yake, watan Afrilu da kansa zai nemi randa ya zauna mace har damina.

Baban Walid: Nura, ba wasa muke ba.

Aminu Ɗanfodiyo: Malama, ban yarda duka ba. Yakan shiga siffar macen da gangan don a ba shi kayan zaƙi kyauta ko ya yaudari abokin faɗa, kuma bai cika jin kunya ba. Shi ya sa masu sauya jinsi da yawa a Turai da Amurka ke cewa sun ga kansu a ciki. Marubuciyar, Rumiko Takahashi, ta fara zana shi a littafi a 1987 a matsayin barkwanci, amma mai kallo ba ya neman izinin marubuci kafin ya fassara.

Malama Hauwa: To fassararsu ce. Tatsuniyoyinmu cike suke da masu rikiɗa, ba wanda ya ce kakanninmu wani abu suke koya mana. Ni abin da ya tsaya mani shi ne uwar, Nodoka. Uban ya ɗauke yaron tun yana ƙarami, ya yi mata alkawari a rubuce cewa in bai tashi cikakken namiji ba, su biyun za su kashe kansu. Tana yawo da takobi a naɗe cikin ƙyalle. Sai ga ɗa yana zaune gaban uwarsa a siffar mace, da sunan ƙarya Ranko, tana ba shi labarin kewar ɗanta, shi kuma ba halin ya ce "ni ne".

Aminu Ɗanfodiyo: Ai kin ba ni hujja, Malama. Ɗa mai ɓoye kansa don tsoron iyaye, nan ne daidai suke kafa tasu fassarar.

Hajiya Inno: Ɗana, ɓoye wa iyaye ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda aka kora daga jami'a yana fita kullum da jaka shi ma haka yake. Kuma kun tsallake auren: iyaye maza biyu suka haɗa shi da Akane ba a tambayi kowa ba. Wanga kam mun san shi.

Baban Walid: Duk na ji. Amma Walid shekararsa 9.

Malama Hauwa: Nan kam ina bayanka. Akwai tsiraici a ciki, musamman tsohon na 1989, ga wani tsoho Happosai mai satar kamfan mata. Ba na yara ba ne, ko da ba a taɓa maganar jinsi ba.

Aminu Ɗanfodiyo: Wannan ba gardama. Amma maganar Ranko ba ki amsa mani ba, Malama.

Malama Hauwa: Amsarta na cikin littafin. Da uwar ta gano gaskiya, ta karɓe shi ne a matsayin ɗanta namiji, shi ma abin da yake so ke nan.