Neman kalma: me za mu kira "food tour" da Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, malamai. Kalmar da ake nema ita ce ta abin da Turawa ke kira food tour. Misalin da ya fi fito da shi shi ne na birnin Boston a Amurka. Mutane kamar goma zuwa goma sha biyu su biya kuɗi tun kafin ranar, wani da ya san unguwa ya shige gaba, a taka da ƙafa na awa biyu da rabi zuwa uku, ana tsayawa a shaguna biyar ko shida ana cin ɗan kaɗan a kowanne. Galibi ana bin North End, tsohuwar unguwar Italiyawa, a gangara bakin ruwa wajen Long Wharf. Sunaye uku ake so: na tafiyar, na mai jan ta, da na wurin tsayawa. "Yawon cin abinci" ya wadatar?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye wannan. Bahaushe in ya ji "yawon cin abinci", mai kwaɗayi zai gani yana bin gidajen biki. Kalmar yawo ma ta sha ɓata: yawon banza, yawon dandi. "Yawon buɗe ido" ya tsira ne don ya daɗe a bakin rediyo. "Rangadi" kuma na sarki ne ko hakimi ko jami'in gwamnati, akwai iko a cikinsa. Ni "tattaki" nake gani, don dole da ƙafa ake yinsa, kuma da manufa.

Ɗan Zango:
To "yawon buɗe baki" fa, a kwaikwayi buɗe ido?

Malamin Hausa:
A'a, ɗan'uwa. Buɗe-baki na mai azumi ne. Kowa zai ɗauka ana zagayen shan ruwa ne a watan Ramadan.

Uwar Girki:
Malamai, kafin a raɗa suna a duba abin da ake yi. Ba ƙoshi ake nema a kowane zango, wato wurin tsayawa, ba. A Regina Pizzeria, gidan fiza da aka buɗe a 1926, yanka ɗaya na fiza mutum zai ci. A shagon cuku, ɗan guntu biyu ko uku da zaitun. Aranchini, dunƙulen shinkafa da ake cusa masa cuku ko nama a soya, guda ɗaya. Kofi ɗan ƙaramin finjali, irin na Caffè Vittoria da ke titin Hanover tun 1929. Jerin ma da ƙa'ida: mai gishiri ya riga, mai zaƙi ya zo ƙarshe, don sukari na toshe sha'awar ci, wanda ya fara da shi ba zai ji daɗin sauran ba. Shi ya sa kanoli ke rufe tafiya. Kwaɓin fulawa ne da ake naɗawa a bututun ƙarfe a soya, a cika cikinsa da rikota, cuku mai laushi da aka zaƙaƙa. In an cika shi tun da safe, ruwan cukun ya jiƙa ɓawon, ƙarmas-ƙarmas ɗin ya tafi. A shagon kayan zaƙi na Modern Pastry sai an yi oda suke cikawa, dalilin ke nan. Saboda haka kalmar ɗanɗano ce ta dace, ba ci ba. "Tattakin ɗanɗano."

Mai Fassara:
Hajiya, wannan ya zauna a kunne. Sai dai tattaki yanzu ya fi fitowa a labarin masu zanga-zanga da masu takawa don nuna goyon baya ga ɗan siyasa. Ba zai ruɗar ba?

Malamin Hausa:
Ɗanɗano zai raba gardama. "Zagayen ɗanɗano" ma daidai ne, amma a bar shi ga wanda ake yi a mota ko keke. Mai jan tafiya kuma jagora ne, ba sai an ƙirƙiri wani abu ba. "Madugu" ya yi masa girma, na ayarin fatake ne.

Ɗan Zango:
Jagora ya fi, don aikinsa bai tsaya ga nuna shago ba. Tsakanin zango da zango yana ba da tarihi: gidan Paul Revere, ɗaya daga cikin masu fafutukar 'yancin kan Amurka, cocin Old North na 1723, da wurin da tankin ruwan rake mai kauri ya fashe ranar 15 ga Janairu 1919 ya kashe mutum 21. Shi ke bayanin yadda mutanen kudancin Italiya da Sisili suka cika unguwar daga ƙarshen ƙarni na 19, bayan mutanen Ailan da Yahudawa. Kusan yadda zangon Kumasi yake ga Hausawa. To a nan tambayata take, Malam: a Gana in aka ce zango, unguwa ake nufi. Ba za a rikice ba?

Malamin Hausa:
Asalinsa wurin da matafiya ke yada kaya su huta, unguwar daga nan ta sami suna. In aka ce "zango na uku shagon kofi ne na Polcari's a titin Salem", babu mai rikicewa.

Uwar Girki:
Wanda zai fassara talla irin wannan ya ƙara gargaɗi, don yawancin masu karatunmu Musulmi ne. Sarrafaffen naman da ake yankawa siriri a shagunan Italiyawa, furoshuto da mortadela da yawancin salami, na alade ne. Ɓawon kanoli na gargajiya da kitsen alade da giyar Marsala ake kwaɓa shi, ko da yake wasu shaguna sun koma man girki, sai an tambaya. Tiramisu ma, kayan zaƙi na biskit da kofi da cuku, sau da yawa da giya a ciki. A bakin ruwa kuma, farar miyar nan mai kauri ta madara da dankali da naman teku mai ɓawo, da suke kira kilam chauda, galibi da guntun naman alade ake fara soya ta. Naman teku shi kansa halal ne a mazhabar Malikiyya, abin da aka haɗa shi da shi ne matsalar. A faɗa wa kamfanin lokacin biyan kuɗi, ba ranar tafiya ba, don tun kafin a iso shagunan sun riga sun ware kason kowa. Fiza mai cuku da tumatir zalla da burodi mai naman lobsta, wani babban jatan lande na teku, su ne aka fi sauyawa da su.

Ɗan Zango:
A kuma guji ƙarshen mako na ƙarshe a Agusta, lokacin bikin Waliyyi Antoni da ake yi tun 1919. Titunan ƙanana ne, cunkoso kan raba ayari biyu, na baya ba ya jin jagora. A gidan abinci na Galleria Umberto kuma da rana kawai suke sayarwa, abinci na ƙarewa su rufe, don haka tattakin yamma ba ya samun aranchininsu.

Mai Fassara:
Na gode, malamai, na gode Hajiya. Ga jimlar gwaji, a gyara in da gyara: "Tattakin ɗanɗano a unguwar Italiyawa da bakin ruwan Boston, awa uku, zango shida, tare da jagora. Mai abincin da ba ya ci ya sanar tun wajen yin rajista."

Malamin Hausa:
Mayar da shi "Wanda ke da abincin da ba ya ci". Sauran ya yi.